Na Kai Muryar Baba Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona a Tudun Wada, kafin ya ce a yi masa kwafin wa'azi ko na kiɗa, sai ya ce, "Lawali, wai da gaske ne sun ɗaure maka ido sun gwada kunnenka ka faɗi?" Na faɗi ɗin, sai me? Amma ba wanda ya ɗaure min ido. Har na ji ana cewa wai an tsare ni a kan iyaka ina kuka. To, tunda kowa ya ɗauki guntun labarin yana yawo da shi, bari in faɗe shi daga tushe, kowa ya ji, a bar ni in yi sana'ata.

Wanda bai san ni ba, ni mai kwafin kaset ne. Tun da aka yi mana jiha Gusau ta cika da baƙin ma'aikata, sana'ar ta buɗe, kuma ba yabon kai ba, a layinmu in kaset ya gagara ni ake kawo wa. Ina jin rediyon da zai tauna zaren kaset tun bai tauna ba. Da wannan kunnen nake taƙama, ku riƙe wannan, zai dawo.

Mahaifina makaɗin gangar noma ne. Ya rasu ina yaro, kuma ko da yana da rai ban san shi sosai ba, don ni ne ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. In na zo gida ba ya kallona, ba ya kiran sunana, iyakarta ya ce, "Kai, kauce nan." Inna mahaifiyata ma har gobe ba ta faɗin sunana, "kai wanga" take ce min. Alkunyar ɗan fari ce, na sani, kowa ya sani. Amma yaro ba ya fahimtar wannan, kuma gaskiya na girma da ɗan ƙullin abin a raina.

Abin da ya rage na muryar Baba a duniya kaset guda ne. Wani alhaji ne da ya dawo da rakoda daga Makka ya ɗauka a wata gayya a gonakin Wanke, tun ina goye. Kaset ɗin yana Tsafe wurin Inna, cikin adudu, naɗe da tsohon kallabi. Idonta ya tafi shekarun baya, ba ta gani ko kaɗan, shi ne abokin hirarta. Ya tsufa ƙwarai. Zaren ya yi laushi, yana zubar da jan gari a kan rediyo, sau biyu yana tsinkewa ina liƙawa. Na yi masa kwafi iri-iri, duk ta mayar min, ta ce muryar ta dusashe, kuma gaskiyarta, kwafin kaset daga kaset haka yake. Ƙarshe ta daina sa shi gaba ɗaya don tsoron kada ya mutu a hannunta. Sai ta ɗauko shi ta shafa, ta mayar. Wannan shi ya hana ni sukuni.

Akwai wani wuri a ciki da ya fi ɓata min rai. Ana cikin kiɗa sai wani siririn ƙii-ƙii ya taso, irin na zare in yana gogar ƙarfe, sannan Baba ya sassauta ganga ya ce, "Sannu Baƙo, hanƙuri Baƙo, in an daɗe gonag ga taka ta." Baiti mai daɗi, na ɗauka wani saurayi ne cikin manoma yake zugawa. Amma ƙarar nan ta ɓata shi, kuma duk dabarata na kasa cire ta.

Wani mai kai kilishi ƙasar Nijar ne ya ba ni labarin wani gida a Yamai da ake ceto tsofaffin kiɗe-kiɗen gargajiya, a juye su cikin kwamfuta a sa a faifan sidi, wanda ko za a yi ta kwafa daga gare shi ba ya raguwa. Na tafi Tsafe na zauna gaban Inna na yi mata bayani. Sai ta ce:

"Kai wanga, in yab ɓace hwa?"

"Ba zai ɓace ba, Inna. A ƙirjina zai je, a ƙirjina zai dawo."

"To ji nan. Kak ka kawo man wani ƙato shina waƙa ka ce shi na. Ba ni gani, amma ina ji."

Ta miƙo min da hannu biyu. Wallahi da na karɓa sai na ji ya fi buhun gero nauyi.

A tashar Gusau na samu fijo mai zuwa Sakkwato, aka cusa ni can kujerar baya. Muna tashi direba ya kunna kiɗa, sai na ji dum-dum a ƙeyata. Ashe ƙatuwar sifika ce ya ɗaure a bayan kujerar. Ku da ba ku sani ba, maganaɗisun sifika yana goge kaset. Na zaro ƙunshin daga aljihu na ɗaga shi sama na miƙa gaba, haka na yi ta tafiya hannu a miƙe a kan kafaɗar wani dattijo. Dattijon ya waiwayo ya dubi kallabin, ya dube ni, ya ce, "Malam, in na tsarin hanya ne, Allah ya sa mu ma ya rufe mu." Na ce amin kawai.

A Bungudu muka tsaya neman mai wurin 'yan bumburutu, don gidajen mai duk a bushe suke. Na ruga bakin hanya inda Kawu Labbo yake sayar da rake. Shi ne ɗan amshin Baba da ya rage da rai. Da na gaya masa inda za ni da abin da ke hannuna, ya ajiye wuƙa ya kama hannun nawa da kaset ɗin gaba ɗaya, ya yi addu'a. Sannan ya ce, "Komi za su yi mai, su yi. Amma kak ka bari su taɓa wurin Baƙo." Na ce to, a raina ina cewa tsoho yana son wurin ne don nan amshinsa ya fi fitowa. Ya ɗaura min rake a leda, direba yana ta danna ham.

Daga Sakkwato sai Illela, daga Illela aka tsallaka Birnin Ƙwanni. Abin mamaki, fuska irin tamu, Hausa irin tamu, har "mi" da "shina" irin na gida, amma kowace jimla sai an jefa maka wata kalma ka tsaya kana zare ido. Tasha wai otogar. Makaranta lakwal. Na tambayi wani lokaci, ya ce ba shi da montur, na ɗauka mota yake nufi, na ce ni ma ba ni da ita, ashe agogo ne. In mota ta lalace sai su ce ta yi fan, kuma tamu ta yi fan ɗin tun ba mu yi nisa ba, muka fito muka tura.

Maganar tsarewa kuwa, ga yadda aka yi. A wani shinge bayan Ƙwanni jandarma ya sa kowa ya fito da abin da ke jikinsa. Ya ga ƙunshin kallabi, ya kwance, ya juya kaset ɗin, ba rubutu ko ɗaya a jikinsa.

"Mi ne ciki?"

"Kiɗa ne, ranka ya daɗe."

"Sai mun saurara."

Ya nuna wani rediyo a kan benci. Jama'a, da kun ga rediyon nan! Ba murfi, an ɗaure shi da robar tayar keke, bakinsa kawai na kalla na san ya ci kaset ya fi a ƙirga. Na durƙusa, ni da ban saba durƙusa wa kowa ba sai Inna, na ce, "Ka yi wa Allah. Muryar ubana ce, ya rasu, ita ke nan guda. In rediyon nan ya kama ta, ta tafi." Ya dube ni ya ce, to in haka ne in yi masa abin da ke ciki da bakina ya ji.

Ni ɗan makaɗi ne amma ban gaji murya ba, duk wanda ya taɓa jin ina waƙa a shago ya shaida. Haka na tsaya a rana, gaban fasinjoji, ina dukan bayan mota da tafin hannu ina rera waƙar gayyar Wanke. Mata suna rufe baki da mayafi. Can sai na ga kafaɗar jandarma tana motsi. Ya ce ubansa manomi ne a wajen Dogon Dutse, da irin wannan gangar aka yi masa gayya. Ya naɗe kaset ɗin da kansa, ya fi yadda Inna ta naɗe kyau, ya kuma umarci direba ya mayar da ni gidan gaba, nesa da sifikar wannan motar, don na gaya masa haɗarinta. Ban san sunansa ba. Duk inda yake Allah ya jiƙan mahaifinsa.

A Yamai na sauka gidan Hajiya Kulu, 'yar Ruwan Bore ce da aure ya kai can, tana sayar da tuwo kusa da babbar kasuwa. Mai kilishin nan ne ya haɗa mu. Tana jin bakina ta ce, "Ɗan gida!" ta hana ni biyan komai, ta ba ni ɗakin zaure da tabarma sabuwa. Ta yi ta tambayata mutanen da rabinsu sun mutu, ina faɗa tana salati. Da safe aka kawo min burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yanka min dasashi, na ce Hajiya wannan na jiya ne? Ta yi dariya har da hawaye, ta ce yanzu aka fito da shi, haka suke son abinsu. Zogale kuwa sun iya shi, ba ƙarya, da ƙuli da albasa, na ci har na ji kunya. Shayinsu ɗan mitsitsin kofi ne mai ɗaci, kuma in ka sha na farko ka tashi ka yi laifi, sai ka jira na biyu da na uku. Zabarmawa in sun gaishe ka sai su ce fofo, na riƙe wannan, ita kaɗai na yi ta raba wa kowa har na baro garin.

Ranar farko na isa gidan juye kiɗan da azahar, na tarar a rufe. Na ɗauka an yi rasuwa. Ashe su can in rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, sai la'asar a dawo aiki. Na zauna gindin bishiya ina ta masifa ni kaɗai, ina cewa a Gusau wa zai rufe shago da rana tsaka don barci. Yanzu da na dawo, in zafi ya yi zafi, sai in ga kamar sun fi mu hankali.

Mutum biyu ne ke aikin. Mushe Sumana, wato Malam Sumana a bakinsu, Bazabarme, dogo, mai furfura, Hausarsa tana ɗingishi amma tana kai shi inda za shi. Sai Madam Ramatu, wadda ta yi karatun aikin a ƙasar Faransa, ta iso a kan ɗan babur ɗinta da mayafi yana tashi. Yadda Sumana ya karɓi kaset ɗin shi ya fara kwantar min da hankali. Ya wanke hannu tukuna. Ya kwance ƙusoshin, ya ɗauke zaren ya sa a sabon gidan kaset, ya duba inda na liƙa ya ce wanda ya yi wannan ya san aiki. Na ce ni ne, ina gyara zama. Ya goge kan na'urarsa, ya ce, "Sau ɗaya za mu bi ta kansa. Ka yi addu'a."

Zaren ya fara juyawa, gangar Baba ta cika ɗakin. Ban taɓa jin ta haka ba. Ban yi numfashin kirki ba har ya kai ƙarshe. Da Sumana ya buɗe na'urar, ya nuna min audugar da ya goge kan da ita, ta yi ja wur. Ya ce wannan kaset ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, in an sake sa shi sai dai a ji rabi, amma muryar ta riga ta shiga kwamfuta. Na fita waje na yi sujada a kan yashi, ban damu da masu wucewa ba.

Daga nan ne rigimar lamba ta taso. Sumana ya yi min bayani cewa kwamfuta ba ta haɗiye murya a dunƙule, gutsura take yi, gutsure dubu arba'in da huɗu a sakan ɗaya, kuma shi ne abin da faifan sidi yake ci. Madam Ramatu ta ce amma akwai sabuwar na'ura da ta zo da ita, tana ɗaukar arba'in da huɗun nan ta ninka shi ya koma tamanin da takwas, ko ta kai shi casa'in da shida, ta cike tsakanin gutsuren da lissafi, murya ta fito sumul. Ina jin haka na miƙe.

"Casa'in da shidan za a yi masa."

Sumana ya ce faifai ba ya ɗaukar wannan, sai dai a sa min a wani irin kaset na musamman, kuma a Gusau ba ni da abin da zan kunna shi.

"Ko ba ni da shi. Ubana ne. Ba za a yi masa ƙaramar lamba ba alhali akwai babba."

Suka dubi juna. Ashe tsohuwar gardama ce a tsakaninsu, ita tana cewa ana jin bambanci, shi yana cewa ido ne ke ji ba kunne ba, kuma duk mai kunnen da ya shigo sai sun gwada shi. Sumana ya ce, "To zauna, mu yi maka gwajin makafi."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Wa ya gaya maka uwata makauniya ce? Da ita za ka yi min ba'a?" Bawan Allah ya rikice, ya dafa ƙirji yana rantsuwa bai sani ba. Madam ce ta raba mu, ta ce sunan gwajin ke nan da Faransanci, ya juya shi ne kai tsaye, ma'anarsa a saurara ba tare da an san wanne ake ji ba. Na ji kunya, na ba shi haƙuri, shi ma ya ba ni, muka yi ta ba juna haƙuri har Madam ta ce ya isa.

Da farko a fili aka yi. Ta ce ga ƙarama, ta sa. Ta ce ga babba, ta sa. Kai! Na rantse babbar ta fi, ganga ta fi zama, muryar ta fi kusa. Madam tana murmushi. Sannan aka ja labule, ta koma bayansa da na'urorin, tana jefa kwabo sama don ya zaɓa mata wadda za ta sa. Sumana ya zauna kusa da ni ya juya baya, ya ce shi ma bai kamata ya sani ba, kada in karanta a fuskarsa. Aka yi ta sawa ina faɗa. Babba. Ƙarama. Babba, wannan ko yaro ya sani. Ban yi shakka ko sau ɗaya ba, har ina kaɗa ƙafa.

Da aka buɗe labule sai ga shi rabi na dace, rabi na zuba ƙasa, daidai da wanda ya toshe kunne yana canka. Mafi muni, akwai inda ta sa abu ɗaya sau biyu a jere, na ce na farko ya fi na biyu nesa ba kusa ba. Tabɗi! Na ce a sake. Aka sake, aka sa min tamanin da takwas ɗin ma, duk kanwar ja ce. Sumana bai yi min dariya ba, ya ce shi ma ya faɗi, Madam ma ta faɗi a kan na'urarta, kuma bai ce babu kunnen da zai ji a duniya ba, amma dai bai zauna a kujerar nan ba tukuna. Madam ta ce ita dai a allon kwamfuta tana ganin bambancin. Na ce, "Wato kamar a ƙara wa fura ruwa ne, ƙwarya ta cika amma geron yana nan yadda yake?" Sumana ya tafa, Madam ta harare ni, sannan ita ma ta fashe da dariya. Na haƙura da ƙaramar lamba. Da sun biye min, da na dawo da abin da Inna ba za ta taɓa ji ba.

To amma mai taƙama ba ya rasa inda zai fanshe. Na ji suna cewa kwamfuta tana iya wanke murya, ta cire shuuu da ƙaraf-ƙaraf. Na ce yauwa, a wanke min shi tas, musamman ƙii-ƙiin nan na wurin Baƙo. Sumana ya saurari wurin ya maimaita, ya ɓata fuska. Ya ce ƙarar zare tana bin juyawar zare, wannan kuwa ba ta bi, shi bai san mece ce ba. Na ce ni na sani, shekara nawa ina fama da ita. Madam ta zauna ta bi ta a hankali ta share, aka rage shuuu ɗin, muryar Baba ta fito fes kamar jiya aka ɗauka. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Na ce wannan kaɗai nake so.

Sumana ya ce a'a. Ya buga faifai biyu, wankakke da wanda ba a taɓa ba. Na ce me zan yi da mai datti? Ya tura min shi cikin jaka da hannunsa, ya ce a gidan nan ba sa barin kowa ya tafi da wankakke kaɗai. "Abin da na cire ba ni iya mayarwa. Kuma ni ban je gonar ba." Na karɓa don kada in yi masa musu a ɗakinsa, bayan duk alherin da ya yi min.

Dawowa ba wani labari, sai dai Hajiya Kulu ta cika min jaka da kilishi da saƙon gaisuwa ga rabin Ruwan Bore. A shingen nan na leƙa ban ga jandarmana ba. Na kwana a Gusau, na juye faifan biyu a sababbin kaset masu kyau, da hantsi na hau motar Tsafe.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsinkar zogale a faifai. Na fara sa mata tsohon kaset ɗin a hannu, ta shafa shi, ta shinshina kallabin, ta yi hamdala. Na gaya mata kada a ƙara sa shi. Sannan na ba ta labarin labule da kwabo, na ce sunan abin wai gwajin makafi, ina faɗa ina jin nauyin kalmar. Ta yi dariya ta ce, "Su sai sun ja labule? Ni kullum cikinai nike. Sa mu ji."

Ban gaya mata wanne ne wanne ba. Na sa wankakken, na koma gefe ina jiran yabo. Ta saurara, hannunta ya tsaya a cikin zogalen. Ta bari har aka wuce wurin Baƙo, sannan ta ce in kashe.

"Muryatai ta, ban musu ba. Amma wa yak kai shi ɗaki shi ɗai? Ina iska? Ina mutane? Mi kunka yi mai?"

"Wanke shi aka yi, Inna."

"Kun wanke shi hak kun wanke Wanke. Kuma wa shika ba hanƙuri nan? Ba kowa. Ya zan kamar mai magana shi ɗai."

Ban gane ba. Na cire shi na sa ɗayan, mai dattin da na so in bari a Yamai. Shuuu ya taso, ganga ta shigo, can nesa ana jin ihun manoma. Inna ta ture faifan zogalen gefe, ta gyara zama, ta juya fuskarta wajen rediyon. Ta ce nan ne ta iso da furar 'yan gayya, ta tsaya gindin ɗorawa. Sai ƙii-ƙiin nan ya taso. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, in ce wannan ce ƙarar da na yi ta fama da ita, sai na ga ta kai hannu baya tana ɗan bubbuga bayanta, tana jijjiga a hankali, yadda mace take yi in goyo ya tashi. Ganga ta sassauta. Baba ya ce, "Sannu Baƙo, hanƙuri Baƙo, in an daɗe gonag ga taka ta."

Maganar Kawu Labbo ta faɗo min.

"Inna, wane ne Baƙo?"

Ba ta juyo ba. Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinkar zogale, kamar ba da ita nake ba. Sai da baitin ya wuce, 'yan amshi suka karɓa, sannan ta ce da bango, ba da ni ba:

"Mutum shina tsakar jama'a, ga surukkai, ga abokai, ba shi iya ɗaukar ɗa nai na hwari, ba shi iya kiran suna nai. Sai ya hwaɗa ma ganga. Mai kukan ga dai yanzu gemu gare shi, hay Yamai shika zuwa."

Na tashi na shiga zaure, na daɗe ban fito ba. Ba jandarma ne ya sa ni kuka ba, ku gyara labarinku, a Tsafe na yi shi. Na gode wa Allah, na gode wa Kawu, da Hajiya Kulu, da Madam Ramatu da labulenta, na kuma gode wa Mushe Sumana da ya tura min faifan nan cikin jaka ina ƙi.

Da na dawo tsakar gida kaset ya kai ƙarshe. Inna ta miƙo min rediyon ta ce, "Kai wanga, maido shi baya. Wurin Baƙo."